Ƙaura Daga Ƙarfe Zuwa Ƙarfe

Tsagar ta fito ne a wuya, dab da walda,
siririya kamar gashin da ya faɗa cikin madara.
Don Nemesio ya bi ta da farcen babban yatsa,
ya ce, "Wannan ƙarfe ya gama wa'adinsa.
Ka sake gangaro Illampu a kansa,
sai dai a tattaro ku a buhu ɗaya."

Shekara goma sha ɗaya ina hawansa.
Ban yi musu ba. Hula kawai na cire.

Sabon firam ya iso Sorata ran Talata,
ɗaure a saman motar haya daga El Alto,
cikin bargo, tsakanin buhunan dankali.
Shuɗi ne, babu ƙwarzane ko guda,
ba shi da taya, ba shi da labari.

Muka shimfiɗa kwali a ƙasan shago,
muka shiga kwance tsoho.
Fedar hagu ta ƙi jin sifana
sai da dattijo ya tuna mini
ita a baibai take saki,
irin mutanen nan da in ka matsa musu
sai su ƙara ƙanƙamewa.
Sarƙa ta sauko tana zubar da baƙin yashi,
yashin kwarin da ruwa ya tsare ni bara
na kwana da makiyayan tumaki.
Birki, giya, shokozoba,
kan keke mai tabon faɗuwa uku,
kowanne na aje shi da notinsa a gefe
kamar mai kwashe kayan ɗaki
kafin a rushe gini.

Boris ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci.
Mu biyu, manya da gemu, muka durƙusa muna lalube,
har jikarsa Yolanda ta miƙo shi a tafin hannu,
ta ce ladanta lemo biyu, ba ragi.

Ba duk kaya ne suka yarda da sabon gida ba.
Sandar sirdi ta yi kaɗan, tana rawa a raminta.
Dattijo ya ɗauki gwangwanin da yarinya ta shanye,
ya yanka da almakashi, ya yi wa sandar ɗamara,
ta zauna daram.
Wayar birkin baya ta gaza da yatsa uku.
Yatsa uku!
Na yi ta jan ta, kamar za ta ji kunyata ta ƙaru.
Ƙarshe dai kuɗin naman Lahadi suka tafi.

Sirdin kuwa na hana a taɓa.
Na yayana Rufino ne,
wanda ɗinki ya kai São Paulo ya riƙe.
Lotsawar da ke gefen dama tasa ce,
ni gadonta na yi,
ƙuguna ya koyi zama a gurbin wani
har ya manta ba nasa ba ne.

Da rana ta faɗa bayan tsauni
muka shafa giris na ƙarshe, muka ɗaure wili.
Yolanda ta zagaya shi sau biyu, ta ce,
"To, sabo ne ko tsoho?"
Kakanta ya goge hannu da tsumma, bai tanka ba.
Ni ma ban sani ba.

Na hau. A kwanar farko ya juya kafin in nufa,
gabana ya faɗi.
Ƙarar sarƙa wadda na sani ce,
yatsuna sun tarar da birki inda suka bar shi,
amma abin da ke tsakanin gwiwoyina
bai san sunana ba tukuna.
Sai mun faɗi tare, ko sau ɗaya.

Tsohon firam na kai wa innata.
Ta kafa shi a bayan madafi,
wake ya riga ya kama shi ta wuya,
daidai inda ya tsage.